Ƙugiya ko Kwalliya: Rubutun Tsutsa Mai Ado a Allunan Argungu da Haƙƙin Haruffan Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi haruffan boko masu karkata da jela, irin waɗanda ake ƙawata allunan shaguna, fosta, bana da katin gayyata da su, ta kuma ɗauki Argungu a matsayin fagen misali. Hujjarta ɗaya ce. Gurbin da marubutan Turai suka ware wa ado a jikin harafi, wato kan sandar b da d da k, da kafaɗar hagu ta B da D, shi ne gurbin da Hausa ta rataye ƙugiyar da ke raba ma'ana da ma'ana. Maƙalar ta bi asalin salon, ta nuna yadda matsalar ta sauya kama da aikin ya tashi daga hannun mai buroshi ya koma kwamfuta, sannan ta kawo shawarar inda ya kamata wasa ya koma a jikin harafin Hausa.

Gabatarwa



Zan fara da sunan wuri. Babu wanda ke ɗakin nan da bai san Matan Fada ba, inda dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da homa da gora da zarar an ba da izini. Bikin kamun kifi na Argungu a sigar da muka san shi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, ziyarar da ta kawo ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. To, a ɗauki sunan wurin nan a miƙa wa yaro mai kwamfuta, a ce ya fito da shi da kyau, ya yi armashi. Zai shiga jerin haruffansa ya zaɓo wanda ya fi yanga, wanda sandar d ɗinsa ke lanƙwasowa dama daga sama kamar zangarniyar gero. Abin da mai karatun Hausa zai hango daga kan babur shi ne Matan Faɗa. Yaron bai yi kuskuren rubutu ba, harafin da ya danna daidai ne. Amma bikin sulhu ya koma faɗa a idon mai karatu.

A kan wannan ɗan lanƙwasa kaɗai maƙalar ta tsaya.

Kalmomin aiki

Sai na daidaita kalmomi uku kafin in ci gaba. Masu sana'ar suna cewa font, haka kuma abokan cinikinsu suka koya. Ni zan riƙa cewa zubin haruffa, domin asalin abin zubi ne na dalma. Haruffa masu karkata dama, masu kama da rubutun hannu, malamanmu na Hausa sun daɗe suna kiran su rubutun tsutsa, ba ni da dalilin sauya sunan. Sai ɗan giccin da ake sa wa bakin sandar harafi sama da ƙasa, irin na Times New Roman, wanda ban sami sunan da aka yi ittifaƙi a kansa ba. Zan kira shi takalmi. Wanda ya fi ni suna mai kyau, ina maraba. Abin da nake magana a kansa ke nan: zubi mai takalmi, mai karkata, mai jela da ƙawa, wanda ba a yi shi don a karanta shafi guda da shi ba, sai don kalma biyu ko uku su ja ido daga nesa.

Daga Banis zuwa shagon fleks

Rubutun tsutsa na ɗab'i ya fara ne a birnin Banis na Italiya. A 1501 maɗaba'ar Aldus Manutius ta fitar da waƙoƙin Virgil a ƙaramin littafin da za a iya riƙewa a hannu, da haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa yana kwaikwayon hannun malaman zamaninsa. Ba don jaddada kalma aka yi su ba, dukan littafin da su aka buga, manyan haruffan ma a tsaye suke ba su karkata ba. Wanda ya fi shafar zancenmu shi ne Ludovico degli Arrighi, magatakarda a fadar Paparoma a Rum, wanda ya wallafa ɗan littafin koyar da rubutu mai suna La Operina a 1522. A hannunsa ne sandunan b, d, h, k da l suka miƙe suka lanƙwaso dama, suka ƙare da ɗan kumburi kamar ɗigon tawada. A wannan zamani ne kuma manyan haruffa suka sami jela mai shigowa daga hagu. Ga Arrighi wannan lanƙwasa ba ta faɗin komai. Alƙalami ne ya yi rangwaɗa kafin ya sauka.

Ƙarni uku bayan haka, da masana'antu suka cika Ingila da kayan sayarwa, aka buƙaci haruffan da za su yi ihu a bango. Aka kumbura sanduna, aka sirantar da mahaɗai, aka koma sassaƙa manyan haruffa da itace saboda dalma ta yi nauyi. Daga wannan zuriya Cooper Black ya fito a Shikago a 1922, mai taushin gefe kamar an yi shi da ƙullu, wanda har gobe ana ganin sa a buhuna da kwalaye a kasuwanninmu. A 1979 Hermann Zapf ya farfaɗo da hannun magatakardan Rum a zubin Zapf Chancery, daga baya Monotype Corsiva ya shigo kwamfutoci tare da Microsoft Office. Wannan na ƙarshe shi ne ya zama tamkar rigar Sallah ta katin aure da takardar shaidar kammala karatu a ƙasar nan. Ba wanda ya zauna ya zaɓe shi. A cikin na'ura aka same shi, kuma shi ya fi sauran kama da rubutun mai hannu.

Ita kuma ƙugiyar Hausa hanyarta daban. A farkon rubutun boko an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada ɗan waƙafi a gabansa. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan ɓ, ɗ da ƙ, bisa tafarkin abajadin da cibiyar nazarin harsunan Afirka ta Landan ta ba da shawara a ƙarƙashin Diedrich Westermann. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a 1939, ita ta kai su lungu da saƙo. Abin lura shi ne an tsara ƙugiyar ne da littafin karatu a zuci, inda harafi ke tsaye cak, sandarsa miƙe, duk abin da ya lanƙwasa a samanta kuwa lalle ƙugiya ce. A cikin wannan tsari ba a rikicewa. Rikici na farawa ne ranar da sandar kanta ta koyi rangwaɗa.

Akwai wani abin mamaki a tarihin nan. Shi Zapf ɗin da ya zana Zapf Chancery, shi ne ya taimaka wa Cibiyar Harsuna ta Ƙasa a tsakiyar shekarun 1980 wajen fitar da zubin Pan-Nigerian, wanda ya tattaro haruffan harsunan Nijeriya har da masu ƙugiya. Hannu ɗaya ya zana adon, ya zana ƙugiyar, amma a zubi biyu da ba su taɓa zama a allo ɗaya ba. Na farkon ya shiga na'urori da yawa, na biyun ya tsaya a ofisoshi da maɗaba'u ƙalilan.

Inda ado ya hau kan ma'ana

A nan zan daɗe, domin nan ne cibiyar zancen.

Ƙananan haruffa uku, ɓ, ɗ da ƙ, duk ƙugiyarsu a saman sanda take, kuma duk dama take fuskanta. Rangwaɗar Arrighi ma a saman sanda take, dama take fuskanta. Manya biyu, Ɓ da Ɗ, ƙugiyarsu a kafaɗar hagu take. Jelar da zubi mai ado ke yi wa B da D ma daga kafaɗar hagu take shigowa. Ko da gangan aka shirya hakan, ba zai fi haka dacewa ba. Sakamakon kuwa fuska biyu gare shi, kuma mutane sun fi lura da ɗaya.

Wadda aka fi sani ita ce ƙugiya ta ɓace: a so rubuta barka da zuwa baƙi, a rubuta baki, a so ƙasa, a sami kasa, ɓata ta koma bata, ƙara ta koma kara. Wannan tsohuwar cuta ce, mun saba da ita tun zamanin keken rubutu, kuma mai karatu kan gyara da kansa daga ma'anar jimla. Wadda ba a cika magana a kanta ba ita ce ƙugiya ta tsiro inda ba a shuka ta ba. A Argungu kalmomin da aka fi rubutawa a allo kusan duk suna cikin wannan haɗari: Kabi, Kanta, kifi, Kabawa, shinkafa, Fada, kasuwa, Bagudu, Dole Kaina. A zubi mai jela, Kabi na iya fitowa kamar Kaɓi, shinkafa kamar shinƙafa, Daura kamar Ɗaura. Ɗan gari ba zai ruɗe ba, ya san sunan garinsu. Amma yaron da ke aji uku, wanda malaminsa ya sha wahalar koya masa bambancin d da ɗ, yana fita ƙofar makaranta sai ya tarar allo yana ƙaryata malamin. Kuma idan kowace sanda ta lanƙwasa, to lanƙwasa ta daina nufin komai. A ganina wannan ta fi ta farko illa, domin ta farko mantuwa ce, wannan kuwa rage wa ƙugiyar daraja ce a idon mai koyo.

Sai matsalar cinkoso. Hausa na son ninka baƙi: haƙƙi, ƙaƙƙarfa, ɓaɓɓake, ɗaɗɗaure. A tsaye ma ƙugiya biyu a jere suna neman wuri, balle an karkatar da su. Mafi wuya ita ce ɗ, saboda sandarta a gefen dama take, don haka ƙugiyarta na fita waje ta rufa kan harafin da ke biye. Idan mai biyowar i ce, sai ƙugiya ta haɗiye ɗigon. Ku dubi kalmomin da ɗan kasuwa ya fi so: daɗi, kuɗi, faɗi. Duka ukun da ɗi suka ƙare. Mai zanen zubi a Turai yana ɓata kwanaki yana daidaita tazarar f da i, domin a harsunansu nan ake karo, har suka ƙera musu haɗaɗɗen harafi na musamman. Namu karon a ɗi yake, da ƙƙ, da ɗɗ, da ƙy, kuma da wuya ka sami zubin ado da aka zauna aka duba masa su.

Akwai kuma siffofin da rubutun tsutsa ke sauyawa gaba ɗaya. Ƙaramar k takan rufe hannunta na sama ta yi ɗan ciki, ta yi kama da R ƙarama. In aka ɗora mata ƙugiya sai cikin da ƙugiyar su haɗu su toshe. A tsofaffin zubi h kan lanƙwasa ƙafarta ciki har ta kusa zama b. Ita kuwa f takan zura doguwar jela ƙasa, kuma ita ce harafin da ya fi kowane kyau a wannan salo. (Sai dai Bakabe ba ya cin moriyarta sosai, tunda a bakinsa kifi kihi ne. Da za mu rubuta allunanmu da Kabanci, da h ce za ta sha kwalliya.)

A ƙara da yanayi. Bikin kamun kifi yakan faɗo ne a ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, ga ƙura ga rana. Zubi mai ado yakan yi kauri a sanda ya sirance a baki, kuma siririn layi shi ne farkon abin da rana ke ci a jikin fleks, shi ne kuma farkon abin da ido ke rasawa daga motar da ke gudu a hanyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. In aka zana ƙugiya da siririn layi kamar jela, ita za ta riga sauran harafin mutuwa.

Mai buroshi da mai kwamfuta

Waɗanda suka girme mini a nan sun san lokacin da duk allon da ke garin hannu ne ya rubuta shi: na tela, na mai gyaran rediyo, na kemis, da kalaman da ke bayan gingimari da goshin motar haya. Mai buroshi yakan koyi sana'ar ne a wurin maigidansa, yana kwaikwayon abin da ya gani a kwali da kalanda da murfin littafi. Yana son karkata, yana son inuwa, yana son launi uku a harafi ɗaya. Ban ce duk sun kiyaye ƙa'idar rubutu ba, da yawa ba su kiyaye ba. Amma shi babu harafin da ya gagare shi. In ya san akwai ƙugiya, wuyan hannu kawai zai juya. Kuma da yake yana faɗin kalmar a bakinsa yana rubutawa, in ya zo kan Fada hannunsa ba ya yarda ya lanƙwasa d.

Kwamfuta ba ta faɗin kalma. Kowane harafi lamba ce a wurinta, kuma haruffanmu sun sami lambobinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199. Samun lamba daban, samun siffa a cikin zubi daban. Yawancin zubin ado da ke yawo a shagunan bugu, waɗanda ake kwafa daga filashi zuwa filashi, an yi su ne da haruffan Turai ta Yamma kaɗai. In aka danna ɗ a cikinsu, manhajar takan aro ta daga wani zubin, ko ta ajiye ɗan akwati fanko.

Na gani da idona. Na kai aikin katin auren ƙanena wani shago a Birnin Kebbi, na zaɓi zubi mai jela kamar kowa. Da aka nuna mini a fuskar kwamfuta, kalmar ɗaurin ta fito da ɗ ɗinta a tsaye, siririya, sauran haruffan na kwance kusa da ita, kamar an sa ɗan sanda cikin 'yan rawa. Na ce, “Samari, wannan fa?” Ya ce, “Malam, wanga font bai da ita. Ko in sa d, ai kowa ya gane.” Na ce a'a. Sai ya yi abin da ya burge ni: ya mayar da kalmar zane a CorelDraw, ya yanko kan f ya liƙa a kan sandar d. Ƙugiyar ta fito, ba laifi. Amma sai na lura sauran d da b da k na katin duk suna da tasu lanƙwasar ta gado, har ƙugiyar gaske ba ta fi su fitowa ba. Mun yi neman gira, saura kaɗan mu rasa ido. A ƙarshe zubin muka sauya.

Ban ga laifin yaron ba. Aiki yake yi da abin da ya samu, ga layi na jiransa, kuma ba wanda ya taɓa biyan sa ƙarin kuɗi don ya sa ƙugiya. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne dabarar tasa, ta yanko kan f, ita ce dabarar da ƙwararrun masu zana zubi ke farawa da ita. Basirar tana nan, kayan aiki ne babu.

Kasuwar kuma ba ƙarama ba ce. Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 buƙatar allo ke ƙaruwa, ta siyasa da ta hukuma. Noman shinkafa ya ƙaro tasa: an ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015, shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a 2016, kamfanin WACOT ya buɗe injinsa a Argungu a 2017. A bayan manyan nan akwai ƙananan masu casa da mata masu turara shinkafa da masu busasshen kifi, kowa na son suna a buhu ko sitika a leda, kuma da yawansu da Hausa suke son sunan. Da bikin ya dawo a 2020 bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, ya dawo ne cikin zamanin fleks da wayar hannu, inda fosta ke yawo a WhatsApp da Facebook kafin ta hau bango.

Abin da allon makaranta ya riga ya sani

Ba daga Turai kaɗai za mu koyi wannan ba. Alƙalamin da almajiri ke feƙewa, bakinsa a karkace yake, kuma wannan karkata ce ke ba da kauri da siranta, daidai da yadda gashin tsuntsu ya ba Arrighi. Hannun da ake rubuta Alƙur'ani da shi a ƙasar Hausa, mai tushe a rubutun Magrib, mai kauri ne, mai nauyi, yana da jela masu zurfi a ƙarƙashin layi. Amma duk gwanintar marubuci ba ya wasa da ɗigo. Ya san fa'un da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigonta ɗaya a sama, in ya motsa ɗaya ya sauya karatu. In yana son ya nuna hannu, sai ya ja jelar nun ko ya, ko ya jira ranar sauka ya zuba zayyana a gefen allo. Wato ya raba gida: ga inda ma'ana ke zaune, ga inda ado ke wasa. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin ajami mai suna Alkalami bisa hannun marubutan Kano, abin da ke nuna cewa hannunmu na iya shiga kwamfuta ba tare da ya tuɓe rigarsa ba. A ɓangaren boko ma tana da Charis da Gentium da Andika, dukansu da ƙugiya, har a rubutun tsutsa. Sai dai duk na karatu ne, natsattsu. Ba wanda zai rubuta sunan gidan abinci da su ya ji kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Inda wasa zai koma

Ba ina kira a bar ado ba ne. Allon da ba ya murmushi ba ya kiran mai saye, kuma garin da ke da wasan kabanci da kokawa da kiɗan masunta bai cancanci a rubuta sunansa da haruffan takardar haraji ba. Abin da nake cewa shi ne a yi wa harafin boko irin rabon da malamin allo ya yi wa nasa. Saman sanda na ƙugiya ne. A zubin da aka yi don Hausa, b da d da k su ƙare da takalmi mai kaifi da ke kallon hagu, ko a yanke su a miƙe. H da l ma su bi sahu, don ido ya saba cewa duk abin da ya lanƙwasa dama a sama magana yake yi. Wasa ya sauka ƙasa. Hausa ta wadata da y da g da j da f masu jela, ga ƙafar k da ta R da za a iya ja har ta tallabi kalmar, ga w da z, ga a ta ƙarshen kalma, wadda kusan kowane suna namu ke ƙarewa da ita ko da 'yar'uwarta. Sunan Argungu kansa g biyu gare shi. Wanda ya iya jela ya sami filin rawa.

Ita ƙugiyar kuma a zana ta yadda masunci zai yarda da ita. A garin nan ba sai an gaya wa kowa ba cewa ƙugiyar da bakinta bai dawo ba ba ta riƙe kifi. Jela karkata kawai take yi ta wuce; ƙugiya sai ta haura, ta juyo, ta kallo ƙasa, ta ƙare da kauri, kaurin da bai gaza na ɗigon i ba. A ɗan rage tsawon sandar ɗ kafin ta juya don kada ta yi wa layin sama kutse, a buɗa mata tazara kafin i, ko a ƙera wa ɗi haɗaɗɗen harafi yadda aka yi wa fi. Karkatar ma kada ta yi yawa. Yawancin rubutun tsutsa bai wuce digiri goma zuwa goma sha biyar ba, kuma mai ƙugiya ya fi zama lafiya a ƙasan wannan. A kuma guji karkatar da manhaja ke yi da ƙarfi ga harafin da aka zana a tsaye, domin takan matse ƙugiya ta zama ƙulli.

Wannan ba aikin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Lasisin OFL ya halatta a ɗauki zubi a gyara a sake rabawa, in dai an kiyaye sharaɗin suna, kuma akwai zubin ado masu kyau a ƙarƙashinsa, irin su Playfair Display da Fraunces. Manhajar FontForge kyauta ce. Tsarin OpenType ma ya ba da damar zubi ɗaya ya ajiye siffa biyu, ya janye jelarsa in an gaya masa rubutun Hausa ne. Ɗalibin zane a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu, in aka haɗa shi da malamin Hausa da tsohon mai buroshi. Ya je gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942 kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958, ya dubi lanƙwasar kayan su da na yaƙi da ke ciki, ya samo jelarsa daga nan maimakon ya aro ta Rum. Gwajin kuwa kada a yi shi a fuskar kwamfuta. A buga Matan Fada da faɗa, baki da baƙi, a kafa a bakin hanya, a sa ɗan acaba ya wuce ya faɗi abin da ya karanta.

Haruffa biyu ne har yanzu ban gamsu da maganinsu ba, kuma ina so mu tattauna su bayan na zauna. Na farko babban Ƙ. Ita ƙugiyarta ba a sanda take ba, a hannun dama na sama take, wurin da karkata ke tura shi gaba ya yi karo da duk abin da ya biyo, kuma wurin da K mai ado ke son ta yi ɗan kumburinta. Na biyu shi ne sautin da muke rubutawa 'y a Nijeriya, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suke rubuta shi ƴ, kamar yadda Fulfulde ke yi. Kebbi na da iyaka da Nijar da Binin, buhun da aka buga a Argungu yana iya kwana a Gaya ko Doso, don haka zubin da za mu yi dole ya ɗauki siffofin biyu. Waƙafin namu ɗan ƙarami ne, a rataye a sama, kuma manhaja takan juya shi ya kalli baya in ya zo a farkon kalma, kamar a 'Yan Kifi. Ƙugiyar tasu kuma tana kan hannun dama na y, harafin da na gama ba ku shawara ku zuba wa ado a jela. In jelar ta yi tsawo ta ƙasa, ƙugiya ta fito ta sama, harafin kan yi kama da ƙugiya mai baki biyu, kuma duk zanen da na gwada a takarda sai na rage ɗaya kafin ɗayar ta fito.